Gasar ɗanɗanon gahawa: inda harshe ke yanke farashi

Agadas garin shayi ne. Tun daga ƙofar fadar Sarkin Abzin har zuwa tashar manyan motocin da ke ɗaukar albasa, ba a rasa ƴar buta bisa garwashi, kuma duk ɗan kasuwar da ya daɗe cikin sana'a ya san cewa lambobin nan da ke jikin kwalayen ganyen shayin ƙasar Sin, irin su 4011 da 41022, daraja ce aka rubuta, kowace kuma da kuɗinta. Gahawa kuwa, wadda ake ce ma kafe a teburin mai shayi, baƙuwa ce a ƙasar nan. Ba a noma ta a Nijar, domin itacenta na son ruwan sama mai yawa, nau'in da ake kira Arabika kuma na son tudu mai sanyi. Bahaushen da ke son ganin sa a gona sai ya gangara tsaunin Jos ko na Mambila a Najeriya, ko tuddan yammacin Kamaru. Wadda ake kaɗawa da madara da safe gari ce ta gwangwani ko ta ƴar leda, wadda ba wanda ke tambayar gonar da ta fito. Duk da haka akwai abin da ya cancanci ɗan kasuwar Agadas da ma'aikacin gidan gona su tsaya su duba cikin harkar gahawa, wato yadda masu ita suka mayar da ɗanɗano maki, suka kuma mayar da makin kuɗi a hannun manomi.

Wahala ce ta haifar da abin. A watan Yuli na 1989 yarjejeniyar da ta ƙayyade ma kowace ƙasa yawan gahawar da za ta fitar ta rushe, farashi ya shiga tangaɗi, har a 2001 laba guda, wato giram 454, ta faɗi ƙasa da rabin dalar Amurka. Farashin da ake yankewa a kasuwar Niyok bai san bambanci tsakanin manomin da ya bi itace yana tsinkar nunannun ƴaƴa kaɗai da wanda ya sharɓe ɗanye da ruɓaɓɓe ba: buhu buhu ne. Tun a 1974 wata ƴar kasuwa a Amurka, Erna Knutsen, ta fara kiran wata irin gahawa da sunan “ta musamman”, tana nufin wadda ƙasar wani wuri da iskarsa suka ba ta ɗanɗanon da ba a samu a wani wurin. Amma suna kaɗai ba ya sa mai saye ya ƙara ko dala. Sai a 1999, a ƙasar Birazil, cikin wani shiri da Ƙungiyar Gahawa ta Duniya ta tallafa ma, George Howell da Susie Spindler da abokan aikinsu suka haɗa abubuwa biyu wuri guda: gasar da alƙalai ba su san kayan wa suke ɗanɗanawa ba, da gwanjo ta intanet inda masu saye daga kowace nahiya ke tayi. Wannan ita ce gasar da aka sani yau da sunan Cup of Excellence.

Wanda ya shiga ɗakin alƙalanci ba zai ga wani abin ƙawa ba. Tebura ne, da ƙananan kwanuka a jere, da cokula, da gwangwanin tofar da ruwa. Ƙa'idar da ƙungiyar masu gahawa ta musamman, SCA, ta shimfiɗa, wadda gasanni ke bi da ƴan sauye-sauye, ta ce a soya ƙwayar sama-sama, kada ta ƙone, cikin awa 24 kafin zama, a bar ta ta huta aƙalla awa 8. Kowane samfur ana raba shi kwano 5, kowane kwano a niƙa nasa dabam, giram 8.25 ga ruwa mililita 150. Alƙali zai fara sunsunar busasshen gari. Sa'an nan a zuba ruwan da zafinsa ya kai digiri 93, a jira kamar minti 4, garin ya taso ya yi ɓawo a bisa. Alƙali ya sunkuya, hancinsa dab da kwano, ya fasa ɓawon da cokali, ya shaƙi tururin da ya kuɓuce. A kwashe kumfa, a jira ya ɗan huce, sai a fara zuƙa. Ana zuƙar ne da ƙarfi, da ƙara, irin wadda in yaro ya yi gaban baƙi sai an harare shi, domin ruwan ya watsu ko'ina cikin baki, ƙamshin ya hau ta bayan hanci. Sai a tofar. Ba sukari, ba madara, ba turare a jikin kowa, ba magana har a gama rubutu. Ana komawa ga kwanon nan yana da zafi, yana da ɗumi, ya yi sanyi, domin akwai aibin da zafi ke rufewa, sai ruwa ya huce yake bayyana.

Takardar makin da aka fi sani ita ce ta 2004, wadda ta yi shekara 20 tana mulkin kasuwa. Abubuwa 10 take aunawa, cikinsu akwai ƙamshi, da ɗanɗano, da tsami irin na ƴaƴan itace, da kauri a baki, da zaƙi, da tsabta, da abin da ke saura bisa harshe bayan an tofar, da kuma ko kwanukan nan 5 sun yi daidai da juna. Jimla 100 ce, kuma gahawar da ba ta kai 80 ba ba ta shiga sahun ta musamman. Mai karatun da ya yi lakwal ya saba da maki bisa 20 sai ya lissafa: 80 ita ce 16, kuma nan ne ƙofar shiga kawai. Gasar Cup of Excellence tana da tata takarda, mai abubuwa 8, kowane daga 0 zuwa 8, sai a ƙara 36 kyauta a cike 100. Wannan kyauta ta 36 tana nuna cewa faɗin ma'aunin na ido ne, fagen da ake kokawa a cikinsa ƙunci gare shi. Maki 87 ake buƙata kafin kaya su shiga babban gwanjo, wanda ya kai 90 kuma a ba shi lambar girma ta dabam. Tsakanin 86 da 87, tazarar da mai shan kafe na yau da kullum ba zai taɓa ji a bakinsa ba, akwai manomin da zai koma gida ya gina ɗaki da wanda zai koma ya nemi dillali.

Abin da ya ba makin nan ƙarfi shi ne ɓoye suna. Da zarar manomi ya kawo samfur, masu binciken da ba su cikin alƙalai ke cire sunansa su sa lamba, kuma lambar na sauyawa daga zama zuwa zama. Kayan da aka zaɓa ana kulle su a sito, a sake ɗibar samfur daga buhunan kansu, domin kada a nuna ma alƙali tsaba a sayar ma mai saye tsakuwa. Alƙalan cikin ƙasa ne ke fara tacewa, daga baya na ƙasashen waje su zo su yi kusan mako guda suna tankaɗe da rairaya. Gahawar da ta kai ƙarshe an ɗanɗana ta aƙalla sau 5 a ranaku dabam-dabam. Kafin a fara kuma, alƙalan kan ɓata yini suna daidaita harsunansu bisa samfura iri ɗaya, wanda ya cika rowar maki da wanda ya cika kyauta duk a jawo su tsakiya. Su kansu masu ɗanɗanon suna da gasarsu ta duniya: a jera ma mutum kwano uku-uku har sau 8, biyu iri ɗaya, ɗaya dabam, ya fid da bare cikin minti 8.

Dalilin raba samfur kwano-kwano ya fi fitowa fili a Ruwanda da Burundi. Can akwai wani aibi da ake dangantawa da cizon wani ƙwaro mai suna antestiya, wanda ke sa ƙwayar gahawa warin ɗanyen dankalin Turawa, irin warin da duk mai garka a Bagzam ya sani in ya fere sabon tono. Ido ba ya ganin sa a buhu. Ƙwaya ɗaya ta isa ta lalata kwano, kwano ɗaya kuma na iya fitar da aikin shekara daga gasa. Hausawa da suka ce wake ɗaya ke ɓata gari ba su san da gahawa ba, amma a can maganar ba ta buƙatar fassara.

Ruwanda ce ƙasar Afirka ta farko da ta shirya wannan gasa, a 2008, Burundi ta biyo baya a 2012. Habasha, wadda ita ce mahaifar Arabika, sai a 2020 ta shigo, kuma jinkirin yana da dalili da ya shafi batun suna. A 2008 gwamnatin ƙasar ta kafa babbar kasuwar amfanin gona ta ECX, ta tilasta akasarin gahawa ta bi ta cikinta, inda ake haɗa kayan manoma da yawa ƙarƙashin sunan yanki da daraja guda. Tsarin ya tabbatar da biyan kuɗi cikin lokaci, amma mai saye ya daina sanin gonar da kayansa suka fito. Sai a 2017 aka sassauta doka. Da gasar ta zo, samfura fiye da 1,400 aka kawo, adadin da ba a taɓa gani ba a wata ƙasa. Wanda ya zo na ɗaya, Nigussie Gemeda daga yankin Sidama, ya samu maki 91.04, aka sayi laba guda ta kayansa dalar Amurka 185.10, wato kilo ya haura jika 200 na sefa. Kashi 28 da suka shiga gwanjo sun tara fiye da dalar Amurka miliyan 1.3. A 2022 wani manomin Sidama ya kai laba dalar Amurka 400.50, kilo ya haura jika 500. Kaso mafi tsoka na kuɗin gwanjo manomi yake komawa, abin da ba a saba gani ba cikin harkar da aka daɗe kura na shan bugu gardi na karɓar kuɗi.

Sai dai kada lissafin ya ruɗi kowa. Kashin da ke cin irin wannan kuɗi ƴan buhuna ne, kuma mai sayen, ɗan Japan ne ko ɗan Koriya ko ɗan Dubai, rabin abin da yake saye talla ne: yana so a ji cewa shagonsa ne ya ɗauki ta ɗaya. Misalin da ya fi kowane shi ne na Panama. Wani iri da aka ɗebo daga dajin Gesha na Habasha cikin shekarun 1930, ya bi ta Tanzaniya da Kosta Rika, ya yi shekaru a gonakin Panama ba wanda ya kula da shi, sai a 2004 gonar La Esmeralda ta ware shi ta kai gasar Best of Panama, aka sayi laba dalar Amurka 21, duniyar gahawa ta yi ta mamaki. A watan Agusta na 2025 gahawar wannan gona ta kai dalar Amurka 30,204 a kilo, kimanin miliyan 17 na sefa, bisa kashin kilo 20 kacal. Wannan ya fita daga batun abin sha. Miliyoyin manoman da ba su taɓa jin sunan gasa ba har yanzu farashin Niyok ne ke juya su, ko da yake a farkon 2025 shi ma ya haura dalar Amurka 4 a laba, abin da bai taɓa yi ba. Amfanin gasa na haƙiƙa ya fi zuwa a shekara ta biyu da ta uku, sa'ad da masu sayen da suka rasa a gwanjo suka bi sunan ƙauyen suka zo neman kayan maƙwabta.

Akwai kuma tambayar da ta fi nauyi: harshen wa aka mayar ma'auni? Alƙalan zagayen ƙarshe galibinsu masu saye ne daga ƙasashen da ke shigo da gahawa. Taswirar kalmomin ɗanɗano da aka sabunta a 2016 cike take da sunayen ƴaƴan itacen ƙasashen sanyi, waɗanda manomin Sidama bai taɓa sa wa a baki ba. Habashawa na shanye kusan rabin abin da suke nomawa, suna soya ta har ta yi baƙi, a wasu yankuna da gishiri ko man shanu, kuma gahawar da uwar gida ke alfahari da ita a can ba za ta tsallake zama na farko ba. Haka kuma da za a kawo ma waɗannan alƙalai finjalin farko na shayin Agadas, mai ɗaci da kauri, da wuya su ba shi 60, alhali a nan shi ne na manya. Ita kanta SCA ta gane cewa takardar 2004 ta cakuɗa abu biyu, wato abin da ke cikin kwano da abin da alƙali ke so. A ƙarshen 2024 ta amince da sabon tsari mai suna CVA, wanda ya raba aikin gida-gida: duban ƙwaya, da siffanta ɗanɗano ba tare da yabo ko kushe ba, da faɗin ra'ayi bisa mataki 9, da kuma bayanin asali, irin su sunan gona da nau'in iri. Daga watan Oktoba na 2025 kuma ta karɓi ragamar takardar shaidar ƙwararrun masu ɗanɗano, wadda ake kira Q, daga hannun cibiyar CQI da ta daɗe tana ba da ita. Gyara ne mai ma'ana, amma bai taɓa gindin matsalar ba, tun da mai kuɗin saye bai sauya ba, kuma kuɗin horo da jarrabawa nauyi ne ga ɗan ƙungiyar manoma a Afirka.

Inda labarin ya taɓa Agadas kai tsaye shi ne wajen ɓacewar suna bisa hanya. Shekaru aru-aru Turawa na kiran gahawa Moka, alhali Moka tashar jiragen ruwa ce kawai a Yaman, kayan kuwa daga tuddan Yaman da Harar suke gangarowa. Haka aka yi ma fatar jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi. Majeman ƙasar Hausa suka jeme ta, ayari ya ɗauko ta daga Kano, ya ratso Damagaram da Abzin, ya bi ta Gat da Gadamus har gaɓar teku, ta isa Turai da sunan Maroko, har yau Faransawa na ce ma irin wannan fata maroquin. Wanda ya riƙe ƙofar ƙarshe shi ya ci sunan. Kuma ba don mutanen nan ba su iya bambance kaya ba ne. Mai goro ya san ɗan Laɓoji daga saura, mai gishiri ba ya haɗa beza ta Bilma da kantu, mai dabino na gane almadina ta Ingal tun kafin ya tauna. Gwanintar harshe da ido tana nan, sai dai a bakin dillali take zaune, fuska da fuska ake yin ta, kuma ba ta wuce inda muryarsa ta kai. Ko gasar raƙuma da ake yi a Ingal lokacin bikin shan gishiri a watan Satumba, raƙumi da mai shi tare suke fitowa fage, alƙali na kallon su duka biyu.

Albasar Abzin, ta Tabelot da kwaruruwan da ke kewaye, tana fitowa ne daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da ta Galmi ta yi ƙaranci, ta cika motoci zuwa Abijan da Akara. Da ta isa can albasar Nijar ce kawai. Mai garkar da ya rage ban ruwa kafin tono, ya shanya kayansa suka bushe sosai, ya fid da masu rauni, buhunsa na tafiya tare da na wanda bai yi ko ɗaya ba, kuma in an buɗe mota aka tarar da ruɓa, duka ake karya ma farashi. Haka lemun Timiya, da tafarnuwar Bagzam, da cukun makiyaya. An fara wani yunƙuri ta fuskar doka: hukumar OAPI da ke Yawunde, wadda ta yi ma barkonon Penja na Kamaru rajistar asali a 2013, ta kuma yi ma gahawar Ziama-Macenta ta Gine, ta miƙa ma Nijar irin wannan takarda a 2023 domin kilishi da albasar Galmi. Takardar na tsare sunan yanki daga masu aron sa. Amma ba ta raba mai garka da maƙwabcinsa, ba ta kuma gaya ma mai saye wane ne ya fi a bana. Wannan aikin gasa ne.

Kayan aikin ba su da tsada: tebur, da ma'auni, da wuƙa, da faranti masu lamba. Abin da za a auna ma ba baƙo ba ne ga masu sana'ar, domin a albasa ana duban taurin kai, da bushewar wuya, da kaurin ɓawo, da yaji, da yawan kwanakin da za ta yi a ajiye ba ta tsira ba, a cuku kuma ƙamshi da tsabta da yadda yake karyewa. Darasin gahawa ya nuna cewa gasar da ta tsaya ga ba da kofi da ɗaukar hoto da gwamna ba ta sauya farashin kowa, sai an kira masu sayen Abijan da Akara da Yamai sun zauna cikin alƙalai, an kuma yi gwanjon kayan da suka ci a ranar, da sunan mai garka da na kwarinsa a jikin buhu. Ya kuma nuna cewa in za a rubuta takardar maki, gara masu noma da matan da ke girki da kayan su sa baki tun farko, kafin wani ya kawo tasa daga waje.

Wurin da abin zai yi wuya shi ne takardar lambobi. A gari irin Agadas, inda alƙali da dillali da shugaban ƙungiyar masu garka za su iya kasancewa surukan juna, wanda aka damƙa ma jerin sunaye sai ya yi kwana uku yana gaisawa da kowa bai ce uffan ba, ko ga wanda ya yi masa hanyar aiki. Masu Cup of Excellence ba su bar wannan ga kirkin mutum ba. Kamfanin binciken lissafi mai zaman kansa suke ɗaukowa, su biya shi domin wannan aiki kaɗai, kuma ba ya buɗe takardar sai an gama tara makin zama na ƙarshe.